Wanda Ke Jona Motar Lesia

Shekara talatin da ɗaya Orest Danyluk ya yi yana gwada sikelin mutane. Yakan fita daga garin Yorkton da sassafe, motar aiki cike da duwatsun gwaji, ya bi rumbunan alkama da mahauta da gidajen mai, ya ɗora nauyin da ya sani a kan ma'aunin da bai yarda da shi ba. In allura ta faɗi gaskiya ya manna hatimi. In ta yi ƙarya ya rufe sikelin, ko da na ƙanin matarsa ne. An taɓa yin hakan, kuma har yau ƙanin bai manta ba. Manoma sun daɗe da daina ajiye masa kyafaffen nama a kujerar mota, don sun san zai juyo ya mayar musu. Matarsa Verna takan kira shi Sufeto duk lokacin da take son tsokanarsa, wato kusan kullum.

'Ya'ya biyu suka haifa. Babban, Taras, ya rasu yana da shekara ashirin da biyu. Motarsa ce ta mutu a wata hanyar gona cikin watan Janairu, ba rigar sanyi a ciki, ba bargo, wayarsa kuma tana gida inda ya manta ta. Washegari aka same shi. Shekara goma sha bakwai ke nan, amma abin da Orest da Verna suka faɗa wa juna game da wannan rana bai cika shafi guda ba.

Lesia ce ta rage musu. Mai girki ce, kuma a bakin murhun aiki ba a kama ta da kuskure: za ta ciyar da mutum tamanin, ta tuna wanda ba ya cin gishiri da wanda ba ya iya tauna. Abin da ke wajen kicin shi ne ke zube mata. A Saskatoon an sallame ta sau biyu saboda makara. Makulli, alƙawarin asibiti, tukunya a kan wuta, duk sukan sulale mata kamar ruwa a kwando. Tana da shekara talatin da shida wani likita ya sa wa abin suna: larura ce da ke hana hankali tsayawa wuri guda, an haife ta da ita, kuma akwai magani. A watan Yuni ta fara sha. A wannan watan dai ta dawo Yorkton, ta samu aiki a gidan kula da tsofaffi, ta kama hayar ƙaramin gidan da ke kallon na iyayenta, titi kawai ya raba su.

Asibitin ba ya tsayawa ga tambayar ko mutum ya ji sauƙi. Kowane wata akan ba da takarda biyu, ɗaya ga mai shan maganin, ɗaya ga wanda ke ganinsa kullum. Tambaya goma sha shida ce, duk a kan rayuwar yau da gobe. Sau nawa ta makara aiki? Sau nawa ta ɓatar da abin da take bukata? Sau nawa ta bar wani abu a kunne? A gaban kowace akwai gida huɗu: bai faru ba, jefi-jefi, sau da yawa, kusan kullum. Ana tara makin, kuma raguwarsa ita ce sauƙi. Lesia ta zaɓi mahaifinta ya riƙa cike ta biyun.

"Ba wanda zai ce ka yi mini alfarma, Tato," in ji ta. Haka take kiransa, kamar yadda shi ma ya kira nasa uban. "Kai da ka rufe sikelin Kawu Metro ana gobe girbi."

Ya karɓi aikin da muhimmanci. Yakan cike takardar da fensir, ya sake dubawa, sannan ya bi da biro.

A makon farko na Janairu suka je ganin nas ɗin da ke bin lamarin, wata mace mai fara'a, Marisol Abenoja. Ta juyo musu da fuskar kwamfuta, ga layi biyu suna gangarowa tare.

"Ku duba mini wannan. Talatin da takwas a watan Yuni, tara a Disamba. Naki da na mahaifinki kamar an ɗaure su da igiya ɗaya. Da ana manna irin wannan a bango, da na manna."

Lesia ta gyara zama. Ta ce tana da labari, kuma da gangan ta ajiye shi sai an ga makin. An ba ta shugabancin kicin a wani gidan kula da tsofaffi a La Ronge, can arewa, tafiyar fiye da awa shida. Suna jiran amsarta zuwa ƙarshen Fabrairu. Ita kaɗai za ta zauna.

Orest ya kalli layin, ya ce wa kansa tara dai tara ce.

"Barka!" in ji Marisol. "To faɗa mini, cikin duk abin da ya canza, wanne ya fi faranta miki?"

"Mota," in ji Lesia ba tare da tunani ba. "Tun da sanyi ya shigo, ko sau ɗaya ba ta ƙi tashi ba. Da, sai in yi kwana uku ban jona ta ba. Yanzu ko tuna lokacin da na jona ba na yi. Hannuna ne kawai yake yi. Da safe in fito, ga ta a jone."

A garin nan kowace mota tana da gajeriyar wayar lantarki da ke leƙowa ta hancinta. In ba a jona ta a soket ɗin bango da yamma ta ɗumama inji ba, da safe sai dai a yi ta murɗa makulli a banza. Kuma duk wanda ya wuce ya ga wayar maƙwabci tana reto, yakan sunkuya ya jona, ya ci gaba da tafiyarsa. Ba a faɗa. Faɗin ma rashin ladabi ne, kamar mutum ya share wa tsohuwa ƙanƙarar ƙofar gida sannan ya ƙwanƙwasa a gode masa.

Kowace yamma bayan cin abinci Orest yakan zaga layin sau ɗaya, kuma hanyarsa ta gaban gidan Lesia take bi.

"Ni ne," ya ce.

Su biyun suka juyo.

"Ni nake jona ta."

Lesia ta yi 'yar dariya. "Wani lokaci, kake nufi."

Ya nemi adadi a kansa bai samu ba. Mutumin da ke rubuta ranar da ya canza batirin agogo, wannan bai taɓa rubuta shi ba. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne kalmomin da ke saman gida na huɗu.

"Kusan kullum."

Lesia ta fara tambaya a hankali, kamar mai taka ƙanƙarar da ba ta san kaurinta ba.

"Makullin da nake samu a ƙugiya fa?"

"Sau da yawa a jikin ƙofa nake ganinsa. Ta waje."

"Fitar da kwandon shara ranar Talata fa?"

Ya gyaɗa kai.

"Murhu?"

"Sau uku. Na hango hasken ta taga bayan kin fita, na shiga da makullin da kika ba ni."

"Na ba ka shi don in na kulle kaina a waje!" Muryarta ta tashi, ta sake sauka. "Wata shida ina tafiya ina jin na zama mutum. Ashe tsoho ne ke bina a baya da tsintsiya."

"Ban rubuta ƙarya ba," in ji Orest, kuma shi kansa ya ji yadda maganar ta fito ba ƙarfi. "Tambayar ta ce sau nawa ta makara. Ba ta makara ba."

"Ba ka yi ƙarya ba, Mista Danyluk," in ji Marisol. Fara'ar ta bar fuskarta. "Takardar ce ba ta tambaye ka me kake yi da yamma ba. Ni ma ban tambaya ba."

Ya sake kallon layin nan mai kyau. Abu biyu ne suka canza a wata guda, magani da gida, shi kuma ya zauna yana jingina sakamakon ga ɗaya. Da yaron aiki ne ya kawo masa gwaji irin wannan, da ya mayar da shi ya sake. Yanzu ba wanda ya san abin da maganin yake yi, kuma a kan wannan tara ɗin 'yarsa ke shirin tafiya inda sanyi ya fi na nan, ba kowa a tsallaken titi.

Marisol ta yanke shawara. Kwana ashirin da takwas, ba hannun kowa. Ya kalla, ya rubuta, kada ya taɓa. Za a gama kafin lokacin ba da amsa. Lesia ta miƙa tafin hannu ba ta kalle shi ba, ya zare makullin daga zobensa ya ajiye mata.

A gida ya tarar da Verna tana naɗa kullu da dankali a ciki, tana matse bakin kowane da yatsa biyu, tana jerawa a faranti. Ya faɗa mata komai a tsaye, bai cire hula ba.

"To," in ji ta. Ta ci gaba da matsewa.

Ya sayi ƙaramin littafi, ya ja layuka. Ya daina zagayen yamma, ya koma zama a bakin tagar falo. Lesia takan dawo wajen ƙarfe biyar da rabi. Wata rana takan jona motar nan take, wata rana ta shige da ledoji a hannu, wayar tana reto. Sai ya tashi ya bar tagar, don ba ya iya kallo. Amma in ya leƙa bayan cin abinci, sai ya ga wayar a bango. Ta tuna, ta fito ta jona. Kwana takwas a jere haka, ba makara ko ɗaya. Ya fara tunanin ko shi ne ya riƙa riga ta kawai, da ya ƙyale ta da ta yi da kanta. Har ya kama kansa yana fito yana wanke kwano.

A rana ta tara ƙanƙara ta zuba tun la'asar, ba ta tsaya ba sai bayan Lesia ta shige gida. Bayan cin abinci ya ɗauki shebur ya fita share ƙofar gida. Titin fari fat, ba wanda ya taka. Motar Lesia a jone take. Daga ƙofarta zuwa motar kuwa ba sawu ko ɗaya.

Sawun ta gefe ya fito, daga lungun da ke bayan gidajen. Ƙananan takalma ne, dugadugin hagu ya ɗan ci. Ya tsaya a bakin titi bai tsallaka ba, ya bi sawun da ido, sannan ya bi shi da ƙafa ta inda ya fito. Sawun ya zaga can ƙarshen layi, ya ƙetare, ya shiga lungun bayan nasu gidan, ya kawo shi har ƙofar kicin ɗinsa. A kan tabarmar ƙofa ga takalman Verna, ƙanƙara tana narkewa a jikinsu.

Tana tsaye tana goge tukunya.

"Verna."

Ta kalli shebur ɗin da ya shigo da shi har kicin, ta kalli takalman. "Kai aka hana, Sufeto. Ni ba wanda ya kira ni ofis."

"Kwana nawa cikin takwas ɗin?"

"Je ka tambayi littafinka."

"Littafina ya ce ba ko ɗaya!"

"To biyar." Ta ajiye tukunyar. "Me kake so in yi? Ka janye hannu ka zauna a taga kamar kyanwa. Wani dai zai yi."

Ya jawo kujera ya zauna.

"Kai kana yin na yamma, ni ina yin na safe," in ji ta. "Na ɗauka ka sani. Wa kake tsammani yake tashinta? Ƙarfe shida nake kiranta in tambaye ta ko cokali nawa na yisti ake sawa. Shekara arba'in ina gasa burodi, Orest. In ce mata, af, kin sha ƙwayarki? In ta kai ni coci in leƙa allurar mai. Bargon da ke bayan motarta da kyandir da ashana, kana tsammani daga kamfani suka zo?"

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da ta sauke kayanta."

"Kuma kin san ina jona motar?"

"Duk layin nan sun sani. Kana sunkuyawa kana waige-waige kamar ɓarawon kaji."

Wata bakwai suna kwana a ɗaki ɗaya, suna tallafe da mace guda ta gefe biyu, ba wanda ya ce wa ɗan'uwansa uffan.

Verna ta juya ta fuskanci taga. Da ta sake magana, muryarta ba ta canza ba.

"Na ga rigar sanyin Taras a ƙugiya ranar nan. Yana fita na gan ta. Motar ba ta sha kwana ba tukuna, da na fita na ɗaga hannu zai gan ni. Na ce ai zai ji sanyi ya dawo ya ɗauka, ya koyi hankali."

Shekara goma sha bakwai bai taɓa jin wannan ba. Ya buɗe baki, abin da shi ma bai taɓa faɗa ba ya fito.

"Ni na ga wayarsa ta hannu. Da azahar, a kan teburin nan. Na san hanyar da ya bi. Na sa ta a aljihun tebur don kada ta jiƙe."

Ta juyo tana kallonsa kamar ba ta taɓa ganinsa ba. Ba wanda ya matsa kusa da wani. Can ta ɗauki tsumma ta goge ruwan da shebur ya zubar.

Washegari Asabar ce. Suka tsallaka titi tare, suka ƙwanƙwasa kamar baƙi. Orest ne ya yi bayani, da adadi: biyar cikin takwas. Verna ta ƙara da maganar yisti. Lesia ta fashe da dariya, ta yi ta yi har ta dafa bango, har dariyar ta koma wani abu daban.

"Mama, ke ma? Na ɗauka tsufa ne ya fara taɓa ki! Har na yi wa Marisol maganar mantuwarki!" Ta share ido da bayan hannu. "Akwai saura? Mai kawo wasiƙu ma yana ciki? Ku faɗa mini yanzu."

"Ba saura," in ji Orest.

"To ku saurara. A sake ƙirga daga yau. Mama, kada wayata ta yi ƙara kafin ƙarfe tara. In na ga sawun ɗayanku a farfajiyata, gobe zan kira La Ronge in ce ina zuwa, ko makin nawa ne. Ina so in san wace ce ke zaune a gidan nan."

Wannan karon su biyu suka zauna a taga. A rana ta shida sanyi ya kai digiri talatin da huɗu ƙasa da sifili, wayar kuma ta kwana tana reto. Sun gan ta tun yamma. Da safe ƙarfe bakwai saura kwata Lesia ta fito a guje, ta shiga motar. Injin ya yi gurnani sau ɗaya, ya yi na biyu a raunane, ya yi shiru. Ta fito ta tsaya, ta ga wayar, ta ɗaga kai ta kalli tagarsu. Motar Orest tana cikin gareji da ɗuminta, taku ashirin daga inda yake zaune. Verna ta riƙe hannun kujera har yatsunta suka yi fari. Bai tashi ba. Lesia ta koma ciki, ta fito da hula da mayafi naɗe har ido, ta jona motar, ta kama hanya da ƙafa. Suka bi ta da kallo har ta sha kwana. Orest ya duba agogo ya rubuta. Da ya kalli rubutun daga baya, bai gane hannunsa ba.

Ranar ashirin ga Fabrairu su uku suka shiga ofishin Marisol. Ta tara makin sau biyu.

"Ashirin da shida a takardar mahaifinki. Ashirin da bakwai a taki."

Verna ta sa hannu a baki. Lesia ba ta motsa ba.

Orest ya ajiye littafin a kan tebur. Mota ba a jone ba, sau goma sha ɗaya. Makara, sau uku. Makulli a ƙofa, sau shida. Hayaƙi a kicin, sau ɗaya, ƙararrawa ta yi kuka ta kashe da kanta. A gefen kowane ya sa lokaci. Marisol ta bi shafukan da yatsa, ta koma farko, ta sake bi.

"Ka lura da wannan?"

"Na lura. Ban da biyu, duk bayan ƙarfe biyar na yamma aka yi su. Makarar safe ma daga yamma take farawa."

"Wato maganin yana aiki, sai dai yana tashi daga aiki tare da ke," ta ce wa Lesia. "Wannan likita zai iya gyarawa, ko dai ya gwada. Da tara muka bari, ba abin da zai taɓa."

"Da ashirin da shida ana zuwa La Ronge?" in ji Lesia.

"Takardar ba ta faɗin wannan. Ina da masu ashirin da shida da ke renon 'ya'ya uku, ina da waɗanda ba zan bar musu kyanwata ba. Gyaran kuma zai ɗauki makonni kafin mu san ko ya yi."

"Su kuma mako guda suka ba ni." Lesia ta juya. "Tato, kai fa?"

Ya san abin da yake son faɗa. Ya san kuma in ya faɗa za ta zauna, watakila har ƙarshen rayuwarsu. Ya ji idon Verna a gefen fuskarsa.

"Ashirin da shida ne," ya ce. "Wannan na tabbata da shi. Sauran ban auna ba."

Lesia ta laluba jakarta, ta zazzage rabin kayan a cinya kafin ta samo wayar, ta tashi ta fita baranda. Ƙofar ba ta rufu sosai ba. Suna zaune suka ji ta gaisa da mutanen La Ronge, ta faɗi sunanta, ta ce za ta iya farawa ranar ɗaya ga Afrilu.